Ciwon wuya: Me motsa jikin Sinawa zai yi maka wanda ƙwaya ba za ta yi ba?

 A wannan makon za mu duba ciwon wuya da kafaɗa, wanda yake yawan kawo mutane kantin magani suna neman abin da zai kashe shi nan take.

Ɗauki garin Ushafa da ke Ƙaramar Hukumar Bwari a matsayin misali. Garin ya yi suna da ginin tukwane, har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi a watan Agustan 2000. Mai ginin tukunya takan wuni a sunkuye kan yumɓu. Matan Gbagyi kuma, bisa al'adarsu, a kafaɗa suke ɗaukar kaya maimakon a ka. Ga ma'aikacin da ke sammako ya bi ta Dutsen Alhaji zuwa cikin Abuja, kansa a duƙe kan waya a mota, ya isa ofis ya sake duƙawa kan kwamfuta. Dukkansu wuyansu ne ke shan wahala.

Ƙasusuwa bakwai ne a wuyanka, kuma su ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya ƙididdige cewa idan ka sunkuyar da kai sosai, kamar yadda ake yi wajen latsa waya, nauyin da ke kan wuya yakan kai kusan kilo 27. Wato ya fi jarkar ɗan garuwa mai lita 25 cike da ruwa. Tsokar da ta wuni a haka dole ta ɗaure.

Abin da akasarinmu muke yi shi ne haɗiyar diclofenac ko ibuprofen. Suna rage raɗaɗi, amma shan su kullum kan jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. Paracetamol ma kada babba ya wuce giram 4 a rana, saboda hanta. Tramadol kuwa, da haɗe-haɗen ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda, ka nisance su. Babu ƙwayar da ke ƙarfafa tsoka ko gyara zama.

A nan ne motsa jikin gargajiya na ƙasar Sin yake da amfani. Fitattu su ne Tai Chi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2020, da Baduanjin, jerin motsi takwas da aka sani tun zamanin daular Song (960 zuwa 1279). Ana yin su a tsaye, a hankali, tare da jan numfashi, ba tsalle ba gudu, kuma ba sai ka sayi komai ba.

A 2016 masu bincike a birnin Essen na Jamus sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 114 masu daɗaɗɗen ciwon wuya. Bayan mako 12, waɗanda suka yi Tai Chi sun fi waɗanda ba su yi komai ba samun sauƙi, amma sauƙin nasu ya yi daidai da na waɗanda suka yi motsa wuya irin na asibiti. Ka ga ke nan babu siddabaru a ciki, dagewa ce ke aiki.

Ga motsi uku daga Baduanjin da za ka iya gwadawa a tsakar gida:

Na farko, ka tsaya ƙafafu a ɗan buɗe, ka sarƙe yatsu, ka ɗaga hannuwa sama da kai kamar kana tura rufi kana jan numfashi, sannan ka sauke su ta gefe kana fitar da shi.

Na biyu, ka ɗan rusuna, ka miƙa hannun hagu gefe, ka ja na dama baya kamar maharbi ya ɗana baka, idonka na bin hannun hagun. Sai ka sauya.

Na uku, hannuwa a sake, ƙafafu da ƙugu ba su motsa ba, ka waiwaya hagu a hankali har inda wuya ya tsaya da kansa, ka dawo, ka waiwaya dama.

Kowanne sau shida, minti goma da safe ya isa a farko. Jin tsoka na miƙewa ba laifi, amma da ka ji suka ko jiri ka dakata. Kada ka bari kowa ya murɗa maka wuya don ya yi ƙara. Mai juna biyu, da dattijon da ƙafarsa ba ta da ƙwari, su tuntuɓi likita tukuna.

Akwai ciwon wuyan da asibiti kaɗai ne maganinsa. Idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, musamman a lokacin zafi, ka yi zargin sanƙarau ka garzaya a ranar. Haka idan ciwon ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa, ko hannu yana mutuwa, ko ƙarfinsa ya ragu, ko ciwon ya haɗa da ƙirji da gumi. Wanda kuma ya yi wata guda yana motsa jikin bai ga sauyi ba, ya nemi likita ya duba shi.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.