Gargaɗi Na Jikin Kwalba, Guba Na Hannun Ɗan Ƙwadago

Da zarar damina ta kankama, ko an shiga noman rani a bakin dam ɗin Kazaure, sai ka riƙa gamuwa da samari goye da famfon feshi, tun daga Roni da Gwiwa har ƙauyukan Babura. Da yawansu ba gonarsu ba ce, ɗauko su aka yi ƙwadago. Singileti ne a jiki, silifa a ƙafa, hanci a buɗe, wani ma da hannu yake motsa haɗin. Ka tambaye shi sunan abin da yake fesawa, sai ya ce "na ciyawa ne" ko "na ƙwari ne." Iyakar saninsa ke nan.

Ba wai kamfanoni ba sa rubuta gargaɗi ba ne. Suna rubutawa, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da ko mai ilimin boko sai ya ƙura ido. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗure. Dillali zai sayi babbar jarka ya ɗuɗɗura a robar ruwa ko kwalbar lemo, ya sayar wa mai ƙaramin ƙarfi. Takarda ta tsaya a shago, guba ta tafi gona, ragowarta kuma ta kwana a ɗaki inda yaro zai ɗauka abin sha ne.

To 'yan'uwa, akwai abin da ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya karantawa. A gindin takardar da ke jikin kwalba akwai zane mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani, kuma yakan zo da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Rawaya na biye da shi, sai shuɗi, sai kore wanda ya fi sauƙi, amma fa ko koren ba ruwan sha ba ne. Ƙananan hotunan da ke cikin zanen suna nuna safar hannu, takalmin roba, abin rufe hanci da wanke jiki bayan aiki. Minti biyar ya isa mai gona ya nuna wa yaronsa wannan. A ganina duk wanda ya iya biyan kuɗin magani da na feshi ba shi da hujjar ƙin yin haka.

Dubi Sniper, wanda sinadarin cikinsa shi ne dichlorvos. Don gona aka yi shi, sai ga shi ana yayyafa shi a wake a sito, ana fesa shi a ɗakin kwana saboda sauro. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya domin an sami wannan sinadari fiye da kima. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Turawa sun ƙi waken, amma mu nan wa ya auna wanda muka dafa?

Haka ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhu. Da ta shaƙi danshi sai ta saki iska mai kisa, wadda ba ta da makari. Leburan da ke kwana a sito yana gadi, da matar da ta jingina buhu a ɗakin da 'ya'yanta ke barci, su ne ba a faɗa wa ba. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai rufi uku, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: ka ɗaure shi tam, ƙwari su mutu don rashin iska, ba ko ɗigon magani.

In tsautsayi ya auku, ga alamun gubar irin su Sniper: gumi, dalalar yawu, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Mutanenmu kan garzaya su ɗura wa mutum manja ko madara. Wannan ba ya karya guba, yana ma iya sa ya shaƙe. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a nufi asibiti ba tare da jiran a ga abin da hali zai yi ba. Kuma a tafi da kwalbar, domin allurar atropine da ke ceton wanda Sniper ya taɓa ba ta amfanar wanda ya haɗiyi Gramoxone. Ma'aikacin asibiti sai ya ga suna yake sanin abin yi, robar ruwa kuwa ba ta da suna.