Ciwon Sukari na Gwaji da Illarsa ga Dasashi

Likitocin haƙori sun daɗe da lura cewa mai ciwon sukari ya fi sauran jama'a saurin kamuwa da ciwon dasashi, har haƙoransa su yi girgiɗi su zube. Da yake bai halatta a sa wa ɗan Adam cuta da gangan domin nazari ba, sai masana suka koma ga ɓeraye da zomaye, suna ɗora musu ciwon da wasu sinadarai guda biyu.

Na farko shi ne alokzan, wanda Dunn da abokan aikinsa suka gano illarsa ga zomaye a Gilasgo cikin 1943. Na biyu kuwa, watau sitireftozotosin, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ake samun sa, kuma a 1963 aka bayyana cewa yana haddasa ciwon. Dukansu biyu sun yi kama da sukari a siffa, saboda haka sukan bi ƙofar da sukari yake bi su shiga ƙwayoyin da ke yin insulin a fankiriyas, wani sashen jiki da ke kwance bayan tumbi, su hallaka su. Da zarar insulin ya yanke, sai sukari ya taru a jini.

Shi kuwa dasashi, ƙarfinsa ya dogara ne ga wani zare mai suna kolajin, wanda ƙwayoyinsa ke saƙawa. Kullum jiki yana saƙa sabo yana warware tsoho. A dabbar da aka ɗora wa ciwon, saƙar takan ragu, warwarar ta ƙaru, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Nan ne ƙwayoyin cuta ke samun dama, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, amma shin gubar ce ta ci dasashin kai tsaye, ko kuwa yawan sukarin ne? Tambayar tana da muhimmanci, domin sinadaran nan kan taɓa hanta da ƙoda, kuma in har gubar ce mai laifi, binciken bai amfani majinyaci da komai ba. A 1974 Ramamurthy da Golub da abokin aikinsu suka nuna cewa ba wa ɓerayen insulin yana gyara lalacewar kolajin ɗin, abin da ya ɗora alhaki a kan ciwon kansa.

Daɗin daɗawa, a 1983 Golub da jama'arsa suka gano cewa maganin minosaikilin yana rage warwarar, ko a ɓerayen da ba su ɗauke da ƙwayoyin cuta. Daga nan aka samo maganin Periostat, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998.

A taƙaice, gwajin ya tabbatar da cewa mai ciwon sukari da ke son haƙoransa, bayan asuwaki, dole ne ya kiyaye sukarin jininsa.