Daga Amanawa Zuwa Landan: Yadda Mishan Ta Juya



Kun san asibitin kutare na Amanawa, kusa da Sakkwato? Turawan mishan na SIM ne suka fara riƙe shi a shekarun 1930. Ta ƙofar magani suka shigo ƙasar sarakuna. A 1954 aka kafa ECWA, jagoranci ya fara komawa hannun 'yan ƙasa.

To, yau reshe ya juye da mujiya. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci ba su kai rabin mutanen Ingila da Wales ba, ga fastocin Redeemed na Najeriya suna ta buɗe coci-coci a Landan. Sai dai galibin masu cika kujerun 'yan Afirka ne. Nan gizo ke saƙa: coci ba ya kafuwa sai 'yan gari sun riƙe shi.

Mu haɗu mako mai zuwa.