Rana Mai Kamar Ta Yau: 15 Ga Janairu

Yau 15 ga watan Janairu, rana ce mai nauyi a zukatan 'yan Najeriya. A cikinta aka zubar da jinin da ya rusa Jamhuriya ta Farko, a cikinta kuma, bayan shekara huɗu, aka ajiye makaman yaƙin basasa. Kafin mu iso gida, za mu biya ta Masar da Amurka, inda aka haifi wasu mutane biyu da kowannensu ya nemi gyara ƙasarsa ta hanyar da ya zaɓa. Sai ku gyara zama.

[Ɗan kiɗa]

A rana mai kamar ta yau a shekarar 1918 aka haifi Gamal Abdul Nasir a birnin Iskandariyya. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Nasir ya shiga soja, kuma a watan Yulin 1952 shi da wasu matasan hafsoshi suka tumɓuke Sarki Faruk daga gadon mulki. Babban burinsa shi ne ya datse kogin Nilu a Aswan, ƙasarsa ta samu lantarki, manoma su huta da ambaliya da fari. Da Amurka da Birtaniya suka janye alkawarin ba shi kuɗin aikin, sai ya miƙe a ranar 26 ga Yulin 1956 ya shelanta cewa mashigin ruwan Suez ya zama mallakar Masar. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka far masa da yaƙi, amma matsin lambar Amurka da Tarayyar Sobiyat ya tilasta musu janyewa. Daga nan sunansa ya karaɗe Afirka da ƙasashen Larabawa, iyaye da yawa suka raɗa wa 'ya'yansu Nasiru saboda shi.

An fara ginin madatsar a 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyat. Nasir bai ga bikin buɗe ta ba, domin ya rasu a watan Satumban 1970 yana da shekara 52. Magajinsa Anwar Sadat ne ya buɗe ta a ranar 15 ga Janairun 1971, ranar da ta dace da zagayowar haihuwar marigayin. Madatsar ta haskaka ƙauyukan Masar, amma ruwanta ya cinye garuruwan Nubiyawa, har da tsohon garin Wadi Halfa na Sudan, aka kwashe dubban iyalai zuwa Khashm al-Girba. Akwai kuma wani gadon da Nasir ya bari: ya nuna wa matasan hafsoshin nahiyar nan cewa soja na iya fitowa daga bariki ya karɓe mulki, jama'a su tafa masa. Da yawa sun kwaikwayi karɓe mulkin, kaɗan ne suka kwaikwayi aikin.

A rana irin ta yau ce kuma, a 1929, aka haifi Martin Luther King a birnin Atlanta na Amurka, ɗan limamin coci ne, shi ma ya zama limamin coci kamar mahaifinsa. A lokacin dokar jihohin kudancin ƙasar ta raba fari da baƙar fata a makaranta, a asibiti, har a kujerar bas. A watan Disamban 1955 aka kama wata mata, Rosa Parks, a garin Montgomery saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin bas har kwana 381, suna takawa a ƙafa zuwa wuraren aikinsu, King yana jagorantarsu. An jefa bam gidansa, an sha kulle shi, bai taɓa yarda mabiyansa su rama da makami ba. Wannan juriya ce ta haifar da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta 1965. King ya san Afirka ta Yamma da ƙafarsa: ya halarci bikin 'yancin kan Ghana a 1957, ya kuma zo Legas a watan Nuwamban 1960 lokacin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Harsashi ya kashe shi a Memphis a 1968 yana da shekara 39, amma dokokin da gwagwarmayarsa ta samar suna nan.

[Ɗan kiɗa]

Masu sauraro, yanzu mun iso gida. Asubahin Asabar, 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi. Kwana uku kafin nan Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kammala karɓar baƙuncin shugabannin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a Legas, inda aka tattauna rikicin Rodeshiya. A cikin gida kuwa zaman ba daɗi. An yi ta ja-in-ja kan ƙidayar jama'a, zaɓen 1964 ya bar baya da ƙura, yankin Yamma yana ci da wuta tun bayan zaɓen Oktoban 1965, ƙasar Tibi ma ba ta lafa ba. Wasu matasan hafsoshi suka ga cewa maganin duk wannan shi ne su kawar da shugabanni a dare ɗaya.

A Kaduna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya fito da sojoji da sunan atisayen dare, ya nufi gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Suka buɗe wa gidan wuta, suka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. A garin dai aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde. A Ibadan aka kashe Firimiyan Jihar Yamma, Samuel Ladoke Akintola. A Legas, 'yan ƙungiyar Manjo Emmanuel Ifeajuna suka ɗauke Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. Sai bayan kwanaki aka tsinci gawar Firayim Ministan a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauci aka yi masa sutura. Cikin manyan sojojin da aka kashe akwai Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Yakubu Pam, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe.

Su waye Arewa ta rasa a daren nan? Malaman makaranta biyu ne, dukansu 'yan Kwalejin Katsina. Tafawa Ɓalewa, marubucin littafin Shaihu Umar, mutum ne mai sanyin hali wanda ko abokan hamayyarsa sun shaide shi da gudun abin duniya. Sardauna kuwa mutum ne mai gaggawar ganin Arewa ta kamo sauran yankuna. A zamaninsa aka kafa jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya a 1962, da Bankin Arewa, da masaƙun Kaduna, jaridar New Nigerian kuma ta fara fitowa mako biyu kacal kafin a kashe shi. Suna da masu suka, kamar 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU da suka sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai na wancan zamani, kuma tarihi bai manta da wannan ba. Amma ƙuri'a ce ta kai su mulki, da ƙuri'a ya kamata a yi musu hukunci.

Waɗanda suka yi juyin ba su samu mulkin ƙasar ba. Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ne ya karɓi ragama. Ganin yawancin masu juyin 'yan ƙabilar Ibo ne, yawancin waɗanda aka kashe kuma 'yan Arewa da Yamma, sai zargi ya cika zukata. Dokar soja mai lamba 34 da ta rushe tsarin tarayya a watan Mayu ta ƙara iza wutar. A ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan, Yakubu Gowon ya hau. A garuruwan Arewa aka kashe dubban 'yan Ibo, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan ma zalunci ne, kuma wajibi ne mu kira shi da sunansa kamar yadda muke kiran na Janairu. Ranar 30 ga Mayun 1967 Odumegwu Ojukwu ya shelanta ɓallewar Biyafara, a watan Yuli yaƙi ya ɓarke. Aka shafe wata 30 ana gwabzawa. Yawancin ƙiyasi na cewa rayukan da suka salwanta sun haura miliyan guda, akasarinsu ƙananan yara da yunwa ta kashe.

Sai ga 15 ga Janairu ta sake zagayowa a 1970. Ojukwu ya riga ya fice zuwa ƙasar Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya isa barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya a gaban Janar Gowon. Mutane da dama sun yi fargabar za a yi ramuwar gayya. Gowon ya ce a wannan yaƙi babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya yi afuwa, ya ɗora ƙasar kan sulhu da sake gini. Daga wannan tunani aka kafa shirin bautar ƙasa a 1973, domin ɗan Inugu ya yi shekara a Daura, ɗan Daura ya yi shekara a Kalaba. Ba duk raunukan ne suka warke ba, har yau ana jin ciwonsu. Duk da haka, saboda wannan rana ce Najeriya ta mayar da bikin tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu.

[Ɗan kiɗa]

Kafin mu rufe, ga wasu abubuwa biyu a taƙaice. A 2001, a rana irin ta yau, Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe kundin sani na Wikipedia a intanet, wanda yanzu yake da sashen Hausa da matasanmu ke rubutawa da kansu. A 2009 kuma wani jirgin saman fasinja ya yi karo da garken tsuntsaye jim kaɗan da tashinsa daga New York, injinansa biyu suka mutu. Matuƙinsa Chesley Sullenberger ya sauke shi a kan kogin Hudson, duk mutum 155 da ke ciki suka tsira da ransu.

Masu sauraro, abin da ya sa muka daɗe kan 1966 shi ne, a 'yan shekarun nan an sake jin sanarwar sojoji a gidajen rediyon Afirka ta Yamma, kuma yawancin matasanmu ba a haife su ba lokacin da waɗannan abubuwa suka faru. Mai bindiga yana iya zaɓar daren da zai fito, amma ba shi da ikon zaɓar abin da zai biyo baya. Hafsoshin Janairu sun ce gyara suka zo yi, abin da ya biyo baya shi ne yaƙi, da kusan shekara 29 na mulkin soja a tsakanin 1966 da 1999. Idan a gidanku akwai dattijon da ya ga wancan zamani, ko tsohon sojan da ya je bakin daga, ku zauna da shi yau ku tambaye shi, ku rubuta abin da ya faɗa, domin kullum raguwa suke yi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Nan muka kawo ƙarshen shirin, sai wani lokaci idan Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.