Tunawa Da Iya, Mutuniyar Kura

Shekara guda ke nan da muka rufe Iya a Kura, Allah ya jiƙanta. Da mazari ta tashi, tana kaɗi masaƙa na saye, zamanin da Buzaye ke rububin rawani ɗan Kura. Sa'ad da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai har Kadawa da Bunkure, zaren kanti kuwa ya riga ya kashe nata. Sai ta koma turara shinkafa, watau a jiƙa, a ɗora, a shanya, hayaƙi na cin idonta. Da wannan kuɗi jikokinta huɗu suka yi makaranta, ita ko ba ta taɓa riƙe fensir ba. Tukunyar tana nan bayan ɗaki, mun rasa mai ɗora ta.