Dashen Agwaluma da Auren Bishiya

Agwaluma, wadda Yarbawa ke kira agbalumo, Ibo kuma udara, itaciyar kurmi ce mai son danshi. Mai niyyar shuka ta kada ya bari ƙwallon ya bushe, domin busasshe da wuya ya tsiro. Ƙaramin dashe kuma yana son inuwa.

Wahalar dai ita ce jira, don wadda ta fito daga ƙwallo takan yi shekaru ba ta haihu ba, wani lokaci ma 'ya'yan su zo da tsami. Shi ya sa ake yi mata aure irin na mangwaro: a yanko reshen uwa mai zaƙi a ɗaura wa dashen. Sai ta haihu da wuri, da zaƙin uwar. 'Ya'yan kan nuna tsakanin Disamba da Afrilu.