Abin Da Ya Sa Ake Kashe Kuɗi Wajen Gwaji A Ƙasa Kafin A Harba Madubin Hangen Taurari

Ran 25 ga watan Disamba na shekarar 2021, wata roka ƙirar Ariane 5 ta tashi daga sansanin Kourou da ke yankin Guiana na ƙasar Faransa, a Kudancin Amurka, ɗauke da madubin hangen taurari na James Webb. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta ƙiyasta kuɗin aikin a kan kusan dala miliyan dubu goma, kuma daga ciki an ware dala miliyan 861 domin gudanar da shi na shekara biyar na farko. Hukumomin Turai da na Kanada su ma sun sa hannun jari.

Idon duniya ya tsaya a kan rokar da madubin mai faɗin mita 6.5. Amma rabin aikin yana nan ƙasa bai je ko'ina ba: ɗakin sarrafawa, da na'urori masu ƙwaƙwalwa, da manyan faifan karɓar saƙo, da ma'aikatan da za su yi ta aiki dare da rana. Wannan sashe ne aka shafe shekaru ana gwadawa kafin ranar tashi, kuma dalilin yin hakan lissafi ne da kowane ɗan kasuwa zai gane.

Ga yadda tsarin yake. Ɗakin sarrafa Webb yana birnin Baltimore, a cibiyar nazarin da ta daɗe tana kula da ayyukan kimiyya na madubin Hubble. Daga can ake tsara abin da madubin zai duba, a mayar da shi umarni, a aika ta tashoshin NASA guda uku da ke Goldstone a jihar Kalifoniya, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Canberra a Ostareliya. An rarraba su haka ne domin duk yadda duniya ta juya, a sami tashar da ke fuskantar kumbon. Tashoshin nan ba na Webb kaɗai ba ne. Kumbuna da dama ne ke layi a kansu, kowa da sa'o'in da aka yanka masa. Ma'ajiyar bayanan Webb kuwa ba ta ɗaukar abin da ya wuce na kimanin yini guda. In aka kasa kwashe abin da ke ciki a kan lokaci, to kamar ɗan kasuwa ne da sito ya cika, ga motar kaya a ƙofa.

Saboda haka tun a shekarar 2017 aka fara haɗa sassan nan wuri guda ana gwada su daga farko har ƙarshe. A shekarar 2020, ana tsakiyar annobar korona, ma'aikatan Baltimore suka riƙa aika umarni ga madubin yana ajiye a masana'antar kamfanin Northrop Grumman a Kalifoniya, suna kunna na'urorinsa na kimiyya, suna karɓar amsa kamar ya riga ya tashi. An kuma gwada mayar da ragamar aiki zuwa ɗakin ko-ta-kwana da ke cibiyar Goddard a jihar Maryland, don gudun ranar da na Baltimore zai sami matsala. Bayan wannan akwai atisaye, inda wasu ma'aikata ke ƙirƙiro matsala da gangan ba tare da sun gaya wa na ɗakin sarrafawa ba, a ga yadda za su yi da ita.

Mai karatu na iya cewa wannan ɓarnar kuɗi ce, tunda kowane wata na jinkiri albashi ne da kuɗin ajiya. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin da aka ɗage harba Hubble bayan hatsarin kumbon Challenger a 1986, ajiyarsa kaɗai tana cin kimanin dala miliyan shida a wata. Sai dai a wannan shekarar manhajar da za a sarrafa shi da ita daga ƙasa ba ta kammala ba, da ƙyar ma ta kai ga harbawar 1990.

Abin da ke faruwa idan aka yi sakaci, Japan ta gani. Ta harba madubinta mai suna Hitomi ran 17 ga Fabrairu 2016. Ran 26 ga Maris, na'urar da ke auna juyawarsa ta ba da bayanin kuskure, kumbon ya shiga ƙoƙarin gyara abin da bai lalace ba. Da ya kunna ƙananan injinansa don ya tsaya, sai ya yi amfani da wasu alƙaluma da aka aika masa daga ƙasa makonni kafin nan, waɗanda ba daidai ba ne kuma ba a tantance su yadda ya kamata ba. Maimakon ya tsaya, ya ƙara gudun juyawa har sassansa suka ɓalle. Kimanin yen miliyan dubu 31 suka salwanta cikin ƙasa da mako shida, kuma sai a 2023 aka harba wanda ya gaje shi. Amurka ma ta taɓa yin irin wannan asara a 1999, lokacin da kumbonta na nazarin yanayin duniyar Mars ya ɓace saboda manhajar ƙasa tana ba da alƙaluma da ma'aunin Ingila, ɗaya ɓangaren kuma yana karanta su da ma'aunin mita. A duka biyun, ba ƙarfe ne ya karye da farko ba. Lissafi ne da wani ya rubuta a ofis.

A nan ne bambanci yake tsakanin irin wannan kumbo da tauraron ɗan'adam na kasuwanci. Na kasuwanci ana yi masa inshora. Tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1, da aka harba a 2007, ya daina aiki a watan Nuwamba 2008 saboda matsalar faifansa na hasken rana, aka kuwa maye gurbinsa da wani a Disamba 2011. Madubin kimiyya guda ɗaya tak ake ƙerawa, kuma gwamnatin Amurka ba ta saba sayen inshora a kan irinsa ba. Ita ke ɗaukar asarar. Hubble ya tsira ne domin yana kusa da duniya, 'yan sama-jannati suka je suka gyara kuskuren madubinsa a Disamba 1993. Webb yana nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, ba a kuwa tsara zuwa gyara shi ba. A ganina, kuɗin gwajin nan shi ne kuɗin inshorar, illa dai ana biyan sa ne ga injiniyoyi maimakon kamfani.

Ranar tashin ma ta nuna amfanin hakan. Ana saura kwanaki kaɗan aka gano matsalar sadarwa tsakanin madubin da tsarin rokar, aka ɗage harbawa aka gyara. Bayan tashi, tashar Malindi da ke gaɓar tekun Kenya tana cikin waɗanda suka fara bin sawunsa. Da gangan aka sa rokar ta rage masa ƙarfi kaɗan, domin in ya wuce wurin da aka nufa ba zai iya juyowa ya taka burki ba sai ya fuskantar da na'urorinsa ga zafin rana. Don haka dole ma'aikatan ƙasa su auna hanyarsa, su lissafa abin da ya rage, su ba shi umarnin kunna injinsa cikin ƙayyadadden lokaci. Sun yi hakan bayan sa'a goma sha biyu da rabi, injin ya yi aiki na minti 65. Daga nan aka shiga buɗe rumfar kare rana mai shimfiɗa biyar da sassan madubi 18, a cikin aikin da injiniyoyi suka ƙidaya wurare 344 da kuskure a ɗaya kawai zai iya durƙusar da komai, yawancinsu a wannan mataki na buɗewa.

NASA ta sanar daga baya cewa daidaiton harbawar da gyaran hanyar sun bar wa madubin man da zai kai shi fiye da shekara goma, ninki biyu na mafi ƙarancin wa'adin da aka ɗibar masa. Hotunansa na farko sun fito a watan Yuli 2022.